Ƙetare a Bakin Ƙofa: Illela da Tafiyar Gani da Ido

Gabatarwa

Idan aka ce wa matashin Bahaushe wane ya tafi ƙetare, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne jirgin sama da biza da maƙudan kuɗi, sai kuma sunayen birane irin su Landan da Dubai da Jidda. Da wuya ya tuna cewa mutumin Illela, a arewacin Jihar Sakkwato, yakan karya kumallo a Nijeriya, ya hau kabu-kabu ya ci kasuwa a Jamhuriyar Nijar, ya komo gida kafin la'asar. Wannan ma ƙetare ne, domin da zarar an tsallaka iyaka tuta ta canza, kuɗi sun canza. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, tafiyar gani da ido mai araha, wadda ake yi da jakar goyo da littafin rubutu, ta cancanci a mayar da ita wani ɓangare na horon malamin Hausa. Gari irin Illela kuwa shi ne wurin da ya fi dacewa a fara, muddin an bi hanyar da ta dace, an kuma ba sha'anin tsaro haƙƙinsa.

Ma'anar Tafiyar Jakar Goyo

Matasan Turai da Amurka suna da wata irin tafiya da suka ɗauka tamkar matakin shiga girma. Matashi zai tara 'yan kuɗinsa, ya cusa tufafi kala biyu ko uku cikin jakar goyo, ya bar ƙasarsa na tsawon makonni ko watanni. Ba ya neman babban otal. Masauki mai sauƙin kuɗi yake sauka, motar haya yake shiga, abincin kasuwa yake ci. Tafiyar takan kasu gida biyu. Akwai keta kurmi da ƙafa tare da ɗan jagora, kamar yadda ake yi a tsaunukan arewacin Tailan ko a dajin Taman Negara na Malesiya. Akwai kuma zagaya birane domin ganin fadoji da kasuwanni da gidajen tarihi.

Abin da ya kamata mai koyon aikin malanta ya lura da shi shi ne, malamin makaranta ne ya share fagen wannan al'ada. A shekarar 1909 wani malami a Jamus mai suna Richard Schirrmann ya fita da ɗalibansa tafiyar ƙafa ta kwanaki, hadari ya rutsa su a hanya, suka kwana cikin ginin wata makarantar ƙauye. Daga nan tunani ya zo masa na samar wa yara matafiya masaukai masu araha, kuma cikin 'yan shekaru aka buɗe na dindindin a tsohuwar fadar Altena. Daga bisani, a 1972, wasu ma'aurata, Tony da Maureen Wheeler, suka taso daga Landan suka ratsa nahiyar Asiya har Ostireliya da ɗan guzuri ƙalilan. Ɗan littafin da suka rubuta a 1973 game da wannan tafiya shi ya haifar da kamfanin Lonely Planet, wanda littattafansa suka zama jagora ga miliyoyin matafiya.

Gadon da Aka Yi wa Riƙon Sakainar Kashi

Wanda ya ji wannan bayani zai iya ɗauka cewa baƙon abu ne ake son cusa wa Bahaushe. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake yakan tashi daga Kano da Sakkwato ƙarƙashin madugu, jagaba yana gaba, a bi ta Jega, a haye Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, har a isa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, inda ake sayen goron da ya fito daga kurmin Asante. Tafiya ce ta watanni, ana yada zango ana tashi, a birni kuma a sauka wurin fatoma. Unguwannin zango da ke Kumasi da Akra da sauran biranen Gana sawun waɗannan matafiya ne. Gaskiya ne riba fatake suka fita nema, amma dabarun da suka yi amfani da su, wato taƙaita kaya da neman ɗan gari da girmama mai masauki, su ne dai dabarun mai jakar goyo.

Malamai kuwa ilimi tsantsa suka fita nema. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Ɗansa Muhammadu Bello ya bayyana ƙasashen Sudan da al'ummominsu a cikin Infaƙul Maisuri, kuma da Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 ya koma gida da taswirar da aka zana masa a fadar Sarkin Musulmi. Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, ya ba da labarin abin da idonsa ya gani, aka rubuta shi da Hausa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete-Karaci a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa kan rayuwar Hausawa. Abubakar Imam ya ziyarci Ingila a 1943, ya fito da Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Dubban mutane sun yi tafiya a waɗancan zamunna, amma waɗanda suka rubuta abin da suka gani su ne ake karantawa a aji a yau. Wato ke nan, alƙalami ne yake mayar da yawo ya zama ilimi.

Illela a Matsayin Ƙofa

Illela tana kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, a kan hanyar da ta bi ta Kware da Gwadabawa. Tsakaninta da Birnin Ƙonni ɗan taƙi ne. Kasuwarta ta ranar Lahadi tana tara dabbobi da hatsi da albasa da wake daga ɓangarorin biyu na iyaka, kuma auratayya da zumunci sun ɗinke garuruwan biyu. Ita kanta iyakar darasi ce. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wanda ya sanya Ƙonni a rabon Ingila. Duk da haka sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine suka afka wa garin a watan Mayun 1899, suka yi kisan da har yanzu ba a manta ba. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka jawo layin kudu, aka kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, Illela ta tsaya a hannun Ingila. Ɗalibin da ya tsaya a kan wannan layi, ya ga gona ɗaya rabinta a wata ƙasa, ba zai sake buƙatar a yi masa dogon sharhi kan ma'anar mulkin mallaka ba.

Ga mai nazarin harshe, amfanin ya fi haka. A aji akan koya wa ɗalibi cewa Hausa tana da karin harshen gabas da na yamma, ya haddace misalai domin jarrabawa. A tashar Illela kuwa da kunnensa zai ji ana cewa munka zo, sunka tahi, shina nan. Idan ya tsallaka Ƙonni zai tarar da wani sabon babi, wato aron kalmomi daga Faransanci. Makarantar boko lakwal ce, malaminta mushe, jami'in kwastan duwan, babbar mota kamiyo, kalmar likita kuma tana ɗaukar ma'anar asibiti. Lissafin kuɗi ma dabam yake: dala ɗaya sefa 5 ce, don haka idan mai tebur ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. A rubuce kuma zai ga Nijar tana amfani da harafin y mai ƙugiya inda Nijeriya take sanya waƙafin sama, duk da taron daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980. Yini guda a kasuwar Ƙonni da littafin rubutu zai ba ɗalibi misalan da za su ishe shi koyarwa shekaru.

Daga Ƙonni hanya ta rabu uku. Ta gabas ta bi ta Galmi, garin da albasarsa ta yi suna, kusa da Maratta, ta wuce Madawa zuwa Maraɗi da Tsibiri, inda Katsinawa da Gobirawa suka sake kafa sarautunsu bayan jihadi, sannan ta kai Damagaram. Ta yamma ta ratsa Dogon Dutsi, ƙasar Arawa, inda ƙauyen Lugu na Sarauniya Mangu yake, ta wuce Doso ta isa Yamai, kimanin kilomita 420 daga Ƙonni. Ta arewa kuwa ta nufi Tawa da Agadas. Kusan duk inda matafiyi ya sauka a kan waɗannan hanyoyi, Hausa za ta fisshe shi. Baturen da ya zo da jakar goyo sai ya nemi tafinta. Ɗalibin Hausa da harshen uwarsa zai yi ciniki, ya yi tambaya, ya nemi masauki.

Darasin Daji da na Birni

Yaron da ya tashi a birni yakan karanta karin magana da tatsuniya cike da sunayen itatuwa da namun dajin da bai taɓa gani ba. Malaminsa ma sau da yawa haka yake. Zai faɗi gawo da aduwa da kalgo da sabara da marke, amma in an kai shi gabansu ba zai bambance ɗaya daga ɗaya ba, balle ya san cewa gawo da damina yake zubar da ganye, ya yi kore da rani. Maganin wannan shi ne taka daji da ƙafa tare da manomi ko maharbi ko makiyayi. Ana iya farawa daga gefen Tafkin Kalmalo a ƙasar Illela, inda dattawa za su ba da labarin yadda ruwan ya ja baya. A yankunan Maraɗi da Damagaram kuma ɗalibi zai ga abin da manoma suke kira sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona maimakon a sare shi. Daga shekarun 1980 zuwa yau wannan dabara ta farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5, abin da ya jawo hankalin masana daga ƙasashe da dama.

Kurmi na sosai yana kudu. A Nijeriya akwai gandun dajin Gashaka-Gumti da na Kuros Riba. A Gana akwai gandun Kakum, kusa da Cape Coast, inda a 1995 aka ɗaura gadar igiya mai tsawon fiye da mita 300 tsakanin kawunan dogayen itatuwa. Goro yana cikin kowane ɗaurin aure da raɗin suna a ƙasar Hausa, amma Hausawa ƙalilan ne suka taɓa ganin itaciyarsa. Malamin da ya tsaya ƙarƙashinta, ya ga yadda ake fasa kwanso a fitar da 'ya'ya, a jera su cikin ganye a ɗaure huhu, darasinsa na fatauci zai bambanta da na wanda ya kwafo daga littafi.

Birni ma yana da nasa karatu. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, yana ɗauke da ƙasusuwan manyan halittun da suka shuɗe waɗanda aka tono a hamada, da kututturen itaciyar Tenere da mota ta kayar a 1973, da samfurin gidajen ƙabilun ƙasar. Hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka gina da ƙasa, tana da tsayin mita 27, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Wanda ya san Gobarau ta Katsina zai sami abin kwatantawa. A zangon Kumasi ɗalibi zai ji Hausar da ta yi watsi da bambancin jinsin namiji da tamace, ya gane yadda harshe yake sauyawa idan ya zama na hulɗa tsakanin ƙabilu. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji.

Hujjojin Masu Suka

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi musu kunnen uwar shegu ba. Ta farko ita ce, ɗalibin da yake fama da kuɗin makaranta ba shi da abin ɓatarwa a yawo. Amsa ita ce, ainihin tafiyar jakar goyo tsimi ne. Kuɗin mota daga Sakkwato zuwa Ƙonni bai kai na zuwa Kano ba, kuma ɗaliban da suka haɗa kai suka yi asusu tun farkon zangon karatu za su iya ɗaukar nauyin kwana uku ko huɗu. Abin da yake raba yawon banza da tafiyar ilimi shi ne manufa: wanda ya fita da tambayoyi a rubuce, ya komo da rahoto, bai ɓata kuɗinsa ba.

Hujja ta biyu ita ce tsaro, kuma ita ce mafi nauyi. A ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa 6 ma'aikatan agaji da 'yan Nijar 2 a Kure, wurin da ake zuwa kallon ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma, waɗanda yawansu bai kai 50 ba a 1996 amma ya haura 600 kafin wannan hari. Gandun dajin W, wanda ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, masu ɗauke da makamai sun kutsa sassansa. A gida kuma, a watan Nuwamban 2024 rundunar tsaron Nijeriya ta bayyana ɓullar Lakurawa a yankunan iyaka irin su Tangaza da Gudu. Babu darasin da ya kai ran ɗalibi daraja. Saboda haka duk dajin da hukuma ko mutanen gari suka ce a ƙaurace masa, a ƙaurace. A bi babbar hanya, a yi tafiya da rana, a ɗage tafiya idan hali bai yi ba. Sai dai rufe ƙofa gaba ɗaya ma yana da tasa illar, domin ƙarni zai tashi bai san maƙwabcinsa ba sai ta labarin hari. Ko fatake na da ba su daina zuwa Gwanja don tsoron 'yan fashin Bargu ba. Tafiya cikin ayari suka yi, suka sauya hanya idan ta ɓaci.

Hujja ta uku ita ce tsoron kada a buɗe wa matasa hanyar Sahara. Illela tana cikin mashigan da masu safarar mutane suke bi zuwa Agadas, daga can a nufi Libiya ko Aljeriya. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawawwakin mutane 92, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, waɗanda ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya. Wannan tsoro yana kan hanya. Amma jahiltar ƙetare ita ce babbar jarin ɗan safara, wanda yake sayar wa matashi mafarkin ƙasar da bai taɓa gani ba. Malamin da ya taɓa tsallaka iyaka da takardu, ya ga cewa can ma ana fama da talauci da tsadar rayuwa, shi ne zai iya kwance wa ɗalibansa wannan ruɗi. Game da ɗalibai mata kuwa, tafiya cikin rukuni tare da malamai mata, da yardar iyaye ko mazaje, ta wadatar. Ware su daga tafiyar zalunci ne, tun da su ma aji za su shiga.

Matakan da Suka Kamata

Mataki na farko shi ne takardu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna har kwana 90 ba tare da biza ba. Amma al'amarin iyaka yana juyawa: an rufe ta a Agustan 2019, aka buɗe mashigar Illela a Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar, ko da yake ɓangarorin biyu sun bayyana cewa jama'a za su ci gaba da zirga-zirga ba biza. Don haka wajibi ne a tuntuɓi ofishin shige da fice kafin a ɗaura niyya, a riƙe fasfo ko takardar tafiya da katin rigakafin shawara, a kuma bi ta ƙofar hukuma, kada a bi ta ɓarauniyar hanya ko da ta fi sauri.

Na biyu, sashen Hausa na kowace kwaleji ya ƙulla hulɗa da wata makarantar horon malamai a Tawa ko Maraɗi ko Doso, yadda ɗalibai za su riƙa saukar juna, domin da ɗan gari akan ci gari. Na uku, a raba aiki tun daga gida: wannan ya tattara kalmomin aro, wancan sunayen itatuwa, wata kuma waƙoƙin daka da na raino. Na huɗu, a koya wa ɗalibi ladabin baƙunta: ya fara gaida mai gari, ya nemi izini kafin ɗaukar hoto ko naɗar murya, ya biya ɗan jagora haƙƙinsa, kada kuma ya yi wa al'adar da bai saba da ita ba dariya. Na ƙarshe, a ba rahoton tafiya maki kamar kowane aikin kwas, a adana waɗanda suka yi fice a ɗakin karatu.

Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa tafiya da ɗan guzuri domin ganin daji da birane tsohuwar hanya ce ta neman ilimi a wurin Bahaushe, kuma malamin Hausa ya fi kowa buƙatarta, domin harshen da zai koyar ya zarce iyakar ƙasarsa. Illela ta kawo ƙetare kusa, ta rage tsada, ta kuma kawar da matsalar harshe. Abin da ya rage shi ne kwalejoji su tsara, hukumomi su tabbatar da tsaron hanya, ɗalibi kuma ya fita da idon basira ya komo da rubutu. Yaran da za su zauna gabansa gobe suna da haƙƙin jin labarin Ƙonni da Maraɗi da Salaga daga bakin wanda ya taka ƙasarsu.